Sabo, Sabon Sabo, da Sabo na Gaske

Masu gyaran waya na Salaga da Yendi da Bawku, da masu shagunan kwamfuta da fotokofi! Yau da ku nake, kuma na san kafin in gama sallama wani ya riga ya taɓe baki. Maganar rumbun manhaja na zo da ita, wato tulin fayilolin nan da kuke saukewa daga intanet, ku jibge a hadi-dis, ku riƙa tura wa juna ta Telegram da Xender, har a wayi gari manhaja ɗaya tana da siga goma, ba a san uwa ba, ba a san 'ya ba.

Ga na Salaga can ya gyara hula yana cewa, "Mu za ka koya wa ajiya? Tun kana goye muke fulashin."

Allah ya huci zuciyarka, Maigida, ba faɗa na zo yi ba. Jona mana hadi-dis ɗin kawai mu leƙa. Ba wancan ba, wannan da aka naɗe da salatif, wanda sai an tokare kebul ɗinsa da kwalin ashana yake kamawa. Yauwa. Ga New folder. Ga New folder 2. Ga wata an rubuta mata "Sabo", ƙarƙashinta "Sabon sabo", ƙarƙashinta kuma "Sabo na gaske". Ga "Na Alhaji", ba a faɗi wane Alhaji ba, a garin da kowane lungu da nasa. Ga "Kar a taɓa". Mu buɗe ta farko: WhatsApp biyar, uku sunansu iri ɗaya, girmansu daban-daban. Wacce ce take hawa ƙaramar itel ɗin nan da Hajiya ta kawo? Ka ce a kira yaro. Yaron da ya sani an yaye shi bara, yana Kumashi ya buɗe nasa shagon, kuma wayarsa a kashe.

Da gangan na fara da ku, mutanen Gwanja, domin ku ne ba ku da hanzari ko kaɗan. Garinku ba baƙo ba ne a harkar kwafi. Zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su zo sarin goro, ba jakuna da kanwa kaɗai suke zuwa da su ba, har da malamai da gafakokin littattafai. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya zauna Salaga har sunan garin ya bi shi, daga baya ya koma Kete-Karachi ya yi limanci, a can ya rasu a 1934. Ba injin buga littafi ne ya watsa rubuce-rubucensa na Larabci da na ajami ba. Almajiri ke ara, ya kwafa da alƙalami, wani ya kwafa daga nasa, wani ya ɗauka ya tafi Yendi ko Kumashi da shi. Kun ga ashe siga da yawa ba yau aka fara ta ba. Wannan ya tsallake layi, wancan ya gyara abin da yake zaton kuskure ne, na uku ya ƙara bayani a gefe, mai kwafa na gaba ya shigar da bayanin cikin asalin magana.

To me magabata suka yi? Mai kwafa na kirki idan ya kai ƙarshe ba ya nannaɗe takarda ya tashi. Yakan rubuta cewa littafi ya kammala, ya faɗi sunan littafin da mai shi, ya faɗi sunansa shi mai rubutun, wani lokaci har da wanda aka rubuta dominsa da ranar da aka gama, sannan ya roƙi gafara. Masu karatun manyan littattafai kuma suna karɓar ijaza, takardar da ke jera wane ya karanta a wurin wane, shi ma a wurin wane, har can sama. Ba duka ne suka yi haka ba, gaskiya. Akwai waɗanda suka ajiye alƙalami ba suna ba shekara, suka bar masana da ciwon kai har gobe. Ina kyautata zaton jikokinsu ne suka ƙirƙiro "Sabon sabo".

A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta shiga tattara waɗannan takardu. Ivor Wilks na cikin masu aikin, tare da Alhaji Usmanu Boyo da ya riƙa bin garuruwa yana aro a hannun malamai. A ɗauki hoton littafi, a ba shi lamba, a rubuta inda aka samo shi da hannun wanda aka karɓa, a mayar wa mai shi kayansa. Idan aka sami littafi ɗaya a gari uku, ba a cewa ai muna da shi, a yar da biyu. Kowanne da lambarsa. Da haka aka iya jera kwafe-kwafen tarihin Gwanja da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 18, aka gwada wannan da wancan, har Wilks da Levtzion da Haight suka fitar da shi a 1986. Da an yi irin naku, a zuba duka a buhu ɗaya a rubuta "Na Malam", da yanzu sai labari.

Ku tuna kuma da 1892, shekarar da yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutane suka bazu Kete-Karachi da Yeji da sauran wurare. Takardar da take gida ɗaya tak, idan gidan ya ƙone ta tafi ke nan. Wadda aka kwafa aka kai wani gari ita ce ta kai labari. Kai kuma aikin shekara takwas yana cikin hadi-dis ɗaya, a shagon da wuta ke zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama, ƙurar hunturu tana shiga ta ko'ina, yaro yana ajiye ledar ruwa a kai. Ba na yi maka fata, Maigida. Ina dai duban salatif ɗin nan.

Na Yendi ya yi murmushi, shi ba ruwansa. Wai shi komai a kansa yake, ya san inda kowane fayil yake ko da idonsa a rufe.

Na yarda da kai, Yaya. Ku Dagomba kuna da hujja, tunda makaɗan fadar Ya-Na suna riƙe da jerin sarakuna da tarihinsu a ka, tun daga Na Gbewa, ba takarda ba alƙalami. Sai dai su tun suna yara ake horar da su, shekara da shekaru, kuma kowane makaɗi yana da magaji da yake zubawa a kunnensa. Kai wa ka zuba wa? Ranar da ka tafi biki Tamale aka kawo waya, yaronka ya kira ka kana tsakiyar taro, ka ce masa "ɗauki na biyun nan", shi kuma ya ƙirga daga ƙasa. Na bar maka sauran.

Na Bawku ne ya fi ba ni aiki, domin shi da hujjarsa ya zo. Ya ce, "Malam, duk wannan wahalar banza ce. Sabo ya fito, a sauke sabo, a goge tsoho. Wa yake ajiye tsohon kaya in ba bola ba?"

Alhaji, a ce wani ne ya faɗi haka, da na yi shiru. Amma kai da kake zaune tsakanin ƙasa uku? Waya tana shigo maka ta Kulungugu daga Burkina, wata ta Pulmakom daga kasuwar Sinkase ta Togo, wata daga Akkara, wata ɗan'uwa ya aiko daga Italiya. A kwali sunansu ɗaya. Buɗe ciki ka gani. Galaxy A10 kawai akwai SM-A105F, akwai SM-A105G, akwai SM-A105M, kowacce da yankin da aka yi ta dominsa. Kama da wane ba wane ba ce. Kuma a Samsung lambar samfur ma ba ta isa ba. Dubi doguwar lambar nan ta fayil ɗin fulashin, ka ƙirgo harafi na biyar daga ƙarshe: shi ne abin da kuke kira bainari. Wayar da ta hau bainari 5 ba ta komawa 3, ko ka yi ta danna Odin har asuba, ja zai nuna maka. Wato ba "sabo" kake nema ba, ba kuma "tsoho" ba. Wanda ya dace da wayar da ke hannunka kake nema, kuma ba za ka same shi ba sai ka rubuta lambarsa ranar da ka sauke shi. Fayil ɗin yakan kai gigabait 3 ko 4, wani ya wuce. Sauke shi sau biyu don ka manta wanne ne, kuɗin data ne ka ƙona, kwastoma kuma yana zaune a benci yana kallon agogo.

A Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, abin ya fi haɗari. Wasu MediaTek ne a cikinsu, sai SP Flash Tool da fayil ɗin sikata. Wasu Unisoc ne, nasu fayil ɗin pac ne da manhajarsa daban. Waya biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a allon ciki. Ka ɗura wa waya firiloda da ba nata ba, ta yi shiru: ba haske, ba girgiza, ba ta ko nuna caji. Ka zaɓi goge komai kafin ɗurawa ba ka kwashi ajiyar IMEI ba, waya ta tashi lafiya lau, hoto tangaran, amma ta ƙi ganin sim. Sai ka ji ana ce wa mai waya, "Ai dama ruwa ya taɓa shiga." Wane ruwa, Alhaji? A watan Fabrairu, a Bawku?

Sai mu zo kan tsoho da ka ce bola ne. Zaga shagunan fotokofi na garinku ka ƙirga kwamfutocin da har yanzu Windows 7 ke kansu. Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, amma injin bai ji labari ba, yana ta buga takardun makaranta da katin biki. Chrome ta ƙarshe da ke hawa kanta ita ce 109, ta Janairu 2023. A Firefox kuwa 115 ce. Wanda ya goge waɗannan don ya ga lamba mafi girma ta fito, ranar da aka kawo masa irin wannan kwamfuta zai sauke sabuwa, ta dube shi ta ce ba ta san zancen ba. Haka direban tsohuwar firinta, haka manhajojin 32-bit, tunda Windows 11 sai 64-bit. Windows 10 ma Microsoft ta yanka mata wa'adin 14 ga Oktoba 2025, kuma kowa ya san ba ranar aka kwashe kwamfutocin Bawku aka zuba a rami ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma kada na Salaga ya yi tsalle ya ce ashe gaskiyarsa da bai taɓa goge komai ba. Zauna tukuna. Akwai tsohon da ajiye shi cin wuri ne. WhatsApp ɗinka biyar ɗin nan, kowace siga tana da wa'adi, bayan 'yan watanni sai ta ƙi buɗewa ta ce a sabunta. Tun 24 ga Oktoba 2023 kuma kamfanin ya daina aiki da wayar da ba ta kai Android 5.0 ba, don haka ba wata tsohuwar siga da za ta ceci irin wannan waya. Akwai kuma wanda bai kamata ma ya kwana a rumbunka ba. Manhajar banki da ta MoMo, a bar mutum ya sauke da kansa daga Play Store. Kuɗin mutane ba abin turawa ta Xender ba ne. GBWhatsApp da 'yan'uwanta kuwa, na san kwastomomi na so, suna son su karanta saƙon da aka goge, su ga sitatus ba a gan su ba, amma tun 2019 kamfanin ke rufe lambobin masu amfani da su, kuma ba ka san wanda ya buɗe cikinta ya ɗinke ba. Fasassun manhajoji ma haka. Wanda ya ba ka kayan dala ɗari kyauta, ka tambayi kanka da me yake cin abinci.

Kun ce to yaya za a yi. Madalla, an fara saukowa.

Ba sabon ilmi ba ne, ku leƙa yadda Mozilla ta jera nata. Tana ajiye sigogin Firefox tun na farko-farko a rumbu ɗaya da kowa zai iya shiga: folda ta lambar siga, a cikinta folda ta nau'in kwamfuta, a cikinta folda ta harshe.  Ku naku sai ya zama kamfani, sannan lambar samfur ta cikin waya ba sunan kwali ba, sannan cikakkiyar lambar siga yadda take, harafi da harafi. Kalmar "sabo" a kore ta daga sunan fayil gaba ɗaya, domin abin da ka kira sabo da azumi, kafin babbar salla ya yi jika.

Lambobin ma suna da tarko. Yaro ya ga 3.9 da 3.10, ya tuna lissafin firamare, ya ce 3.9 ta fi girma, ya goge ɗayar. Ba lissafin ɗigo ba ne: tara ce da goma, kuma goma ke bayan tara. Python 3.10 ta fito a Oktoba 2021, shekara guda bayan 3.9. Ubuntu kuma nata salon daban, 22.04 na nufin Afrilun 2022. Kwanan wata kuwa, ku a Ghana rana kuke farawa da ita, Amurkawa wata suke farawa da shi, sai ka ga 03/04 ka rasa Maris ne ko Afrilu. A fara da shekara, sai wata, sai rana, 2024-04-03, kwamfuta da kanta za ta jera maka su bi da bi.

Sai littafin rajista, wanda na san a nan za a fara hamma. Layi ɗaya ne fa ga kowane fayil: daga ina aka sauke, yaushe, wa ya sauke, an gwada a wace waya, ta tashi ko ba ta tashi ba. Ko a Excel, ko a littafin makaranta mai shafi arba'in. Abin da almajirin Alhaji Umaru ya yi da tawada a ƙarshen takarda, shi ke nan. Idan kuna ganin wasa ne, ku ji wannan. A 2017 ɓarayin intanet suka kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner, manhajar nan ta share dattin kwamfuta da kusan kowane shago yake da ita, suka cusa mugun abu a siga 5.33. Daga shafin kamfanin na gaskiya mutane suka sauke, kimanin kwamfuta miliyan 2.27. Siga 5.34 lafiyarta ƙalau. Mai rajista ya duba ya ga wacce yake da ita da waɗanda ya sa wa, ya kira su. Mai fayil ɗin da aka rubuta wa "ccleaner mai kyau" fa? Sai addu'a.

Akwai kuma hatimi, ga mai son ya kai ƙarshe. Kowane fayil ana iya fitar masa da lambar SHA-256, haruffa da lambobi 64, wadda idan aka canja ko ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin sai ta canja gaba ɗaya. Ba sai ka sayi komai ba, 7-Zip tana fitar da ita, Windows ma tana da certutil. Amfaninta biyu. Na farko, fayil ɗin da sabis ya yanke yana tsakiyar sauka, ya zo da rabin ciki, za ka gane shi kafin ka kashe wayar mutane da shi. Na biyu, a Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi, kuma abin da masu shafin suka ce wa jama'a shi ne kowa ya gwada hatimin nasa da na asali. Fayil biyu masu suna daban da hatimi ɗaya kuwa abu ɗaya ne, goge ɗaya ka sami wuri. Na Salaga, ina jin rabin hadi-dis ɗinka zai dawo.

Na ji wani daga baya yana cewa shi duk ya wuce wannan, nasa yana sama, a intanet. Sannu da ci gaba. A ina? A rukunin Telegram da ake jefa fayil tsakanin gaisuwar Juma'a da tallan takalma, wanda mai amfani da shi kyauta ba ya iya ɗora abin da ya wuce gigabait 2, sai an datsa fayil gida biyu, rabi na biyun kuma ya ɓata? Ko a Google Drive mai gigabait 15 na kyauta, wanda fayil huɗu na Samsung za su cika shi, kuma kalmar sirrin tana hannun yaron nan na Kumashi? A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload rana ɗaya, masu kayan sata da masu kayan halal duk suka tashi ba komai. Saman ma kwamfutar wani ce. A ajiye a can, ba laifi, amma a bar kwafi biyu a ƙasa, ɗaya a shago ɗaya a wani gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan ne ma garuruwan naku uku suke da riba in kun so. Fayil ɗin da na Bawku ya ƙona data ya sauke, shi na Yendi zai sauke gobe, shi na Salaga zai sauke jibi, kowa yana kukan tsadar data. Motoci kuwa kullum suna kan hanyar Tamale, kuma hadi-dis bai kai ƙullin goro nauyi ba. Abin da ya hana ku musaya ba nisa ba ne. Ba wanda zai yarda ya ɗura wa wayar kwastomansa fayil ɗin da ba shi da suna ba shi da asali, kuma da gaskiyarsa.

Don haka ga roƙona ga shugabannin masu gyara na kowane gari. Ku zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri da rubutu ya riƙe rajista, ku sa masa ɗan abin sayen data a wata. Ku fara da na Samsung da na Tecno kawai, tunda su suka fi zuwa benci, sauran su biyo baya. Fayil ɗin da aka rasa wanda zai ce ga inda ya fito, a ware shi gefe, kada ya ƙara taɓa wayar kowa. Wanda kuma har yanzu yake ganin zolaya ce kawai nake yi, ya ba yaron shagonsa hadi-dis gobe da safe, ya ce ya nemo masa fayil ɗin A105F mai bainari 5 ba tare da ya tambayi kowa ba, shi kuma ya riƙe agogo.